Tabon Mari a Ƙafar Sada

Ni Sada na Dandamisa, shekarata tamanin ba ɗaya, kuma har yau ba a haifi yaron da zai riga ni fita kunya a gonar rake ba. Shekarar amai da gudawa ta kwashe mutum shida a layinmu, ta tsallake ni. Motar tumatir ta kife da mu a hanyar Ikara, aka zaro gawa huɗu, ni na fito da ƙafata ina neman hulata. Duk wannan bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Amma ranar da jikata Rumaisa ta faɗo ɗakina da hantsi, da fararen kayan asibiti a jikinta, tana kuka har numfashinta na sarƙewa, sai da na ture kwanon koko gefe.

"Tsoho, Baba ya ce ko bayan ransa."

"Zauna tukuna, amaryata. Ko bayan ransa me?"

"Ba zan auri Zayyad ba. Ya ce in ya sake ganinsa a ƙofar gidan nan, da hukuma za su yi magana."

Duk mai waya tsakanin Kudan da Makarfi ya san Zayyad Sarƙa. Ɗan Kudan ne, mai waƙar gambara irin ta zamani, wadda ba a rerawa, sai zuba magana da sauri kamar ana faɗa. Waƙarsa ta farko a kan takin da ba ya isowa hannun manomi ya yi ta, matasa suka ɗaga shi sama, aka riƙa kiransa wasa Kaduna da Abuja. Can ya haɗu da ƙwaya da maganin tari. Kansa ya juye, har ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Dangi suka kai shi gidan mari ya yi wata bakwai, kafin uwarsa ta ɗauko shi ta kai asibiti. Da ya warke, maimakon ya yi shiru kamar kowa, sai ya fitar da waƙa ya zayyane komai, har bulalar da aka yi masa. Daga nan sunan Sarƙa ya bi shi.

In ka zauna a wurin da muke dafa mazarƙwaila, za ka ji ra'ayi iri-iri. Wani ya ce yaron jarumi ne. Wani ya ce ɗan iska ne mai zagin malamai. Wani ya ce haukan ne bai gama sakinsa ba, don mai hankali ba ya tallan abin kunyarsa. A asibitin da Rumaisa ke aiki yake karɓar maganinsa duk wata, can suka ga juna.

Muna cikin haka ubanta Musa ya yi sallama. Ɗana ne, hedimasta, mutum mai son a ga rigarsa a goge.

"Baba, ina kwana. Na san nan za ta gudo."

"Lafiya lau. Me yaron ya yi maka?"

"Ni ban ce sai ta auri Zulkifilu ɗan Alhaji Ya'u na Hunkuyi ba, ko da yake sun nuna suna so. Shekararta ashirin da biyar, ta kawo wanda ta ga dama. Amma ban da wannan."

"Baba, ya warke," in ji Rumaisa. "Ni nake riƙe da katinsa. Shekara biyu ko sigari bai taɓa ba."

"Katinki ba ya wanke jini. Abu uku ake tambaya in an zo bincike, sata da kuturta da hauka. Gidan nan duk wanda ya zo ya tambaya, fes yake samunmu. Ba zan ɗebo da hannuna in zuba wa jikokina ba."

Na jawo kwanon kokona gabana.

Musa ya juyo gare ni. "Baba, kai za ka je masa. In ni na je za a ce hedimasta ya yi faɗa da mawaƙi, gobe ka ji ni a waƙa. Kai babba ne. Ka ce ya fita harkarta."

"Ni da na kori ɓarayin shanu uku da sanda ɗaya," na ce, "yaro mai surutu ne zai gagare ni?"

Rumaisa ta dube ni da jajayen idanu, ta tashi ta fita.

Ranar Litinin da safe na hau acaɓa zuwa Kudan. Aka nuna min wani ɗaki a bayan shagon caji, an manne bangonsa da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa. Wai don kada ƙara ta fita. Zayyad na tsaye gaban abin magana, da wani abu a kunnuwansa. Siriri ne, ba shi da ko gashin iskanci irin wanda na zata. Yana ganina ya cire abin kunnen, ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Kaka. Da ka aiko ai da na zo."

"Kai ne mai son ƙwace min mata?"

Ya yi murmushi kaɗan. "Ni ne, Kaka. In ka sakar min."

"Ba wasa ya kawo ni ba. Ubanta ya ce ka fita harkarta."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Saboda waƙa ne, ko saboda wancan?"

"Wancan."

"Waƙa zan iya bari. Wancan kuwa ba ni da yadda zan yi da shi." Ya ja ƙafar wandonsa sama. Wani baƙin zobe ya zagaye idon sawunsa. "Wata bakwai, Kaka. Ba wanda ya san abin da ake ji a wurin nan sai wanda ya kwana a ciki. Shi ya sa nake faɗa. In na yi shiru wa zai faɗa?"

To ni akwai abin da ba na iya jurewa a duniya, wato yaro ya zauna gabana yana nuna min ya fi ni shan wuya.

"Wata bakwai har abin nunawa ne?" na ce.

Na naɗe wandona, ƙafa biyu. Nawa tabon ya shiga cikin nama, ya yi fari, ko gashi ba ya fita a wurin.

Ya buɗe baki bai rufe ba.

"Shekara biyu cur," na ce masa. "Kuma ku ƙarfe aka sa muku, kuna iya takawa. Ni turu aka sa min, gungumen itace, a gindin tsamiya, damina biyu a kaina. Ina da shekara ashirin da biyu, a wani ƙauye bayan Ikara. Matata ta fari, Huseina, ta mutu wurin haihuwa, ita da abin da ta haifa, rana ɗaya. Na binne su na dawo, sai na ji ana kirana daga daji, na bi. Da aka kamo ni mutum biyar suka danne ni, kuma sai da na karya wa ɗaya haƙori. Mu tara aka ɗaure a wurin. Ni kaɗai na fito da raina. Yayana ya zo ya fasa turun da gatari, ya kawo ni Dandamisa inda ba wanda ya san ni. Na warke, na yi aure, na noma raken da ba a taɓa noma irinsa a ƙasar Makarfi ba. Kai kuma kana nuna min wata bakwai."

Shekara hamsin da bakwai ban faɗa wa kowa wannan ba. Ban da yayana, uwar Musa kaɗai ta sani, kuma da shi aka binne ta.

Zayyad ya share ido da bayan hannu. Sai ya waiga ya dubi na'urarsa, ya zabura.

"Kaka, ka yafe ni. Ban kashe abin nan ba da ka shigo, duk ya ɗauka. Bari in goge."

"Tsaya. In ji."

Ya kunna. Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Ashe haka take da kauri. Na ce ya sa mata kiɗan da yake sa wa tasa, ya sa wani mai nauyi a ƙarƙashi, kamar ana daka a turmi.

"Sa shi a waƙa," na ce.

"A'a, Kaka. Malam Musa fa?"

"Musa ni na haife shi."

"Bari dai in tambayi Rumaisa."

"Maganata ce ko tata? Ashe ƙarya ake yi da ake cewa ba ka tsoron kowa. Ka iya tona naka, ka ga na manya ka ja da baya."

Na ga maganar ta shige shi. Ni na tura shi, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Da na koma gida Musa ya tambaye ni yadda aka yi, na ce na gaya wa yaron maganar da ba zai manta ba har ya mutu. Ban yi ƙarya ba.

Kwana tara waƙar ta fita. Muryata ce a farko, tun daga turu har gatari, da sunana da sunan garinmu, sannan shi ya shigo:

"Sun ɗaure ƙafa, ba su ɗaure baki ba,
Je ka tambayi Sada, turu bai cinye shi ba."

Musa a kasuwar Hunkuyi ya ji ta. Yana zaune a rumfar hatsin Alhaji Ya'u suna gaisawa, sai muryar ubansa ta taso daga lasifikar mai caji. An ce min ya miƙe tsaye, ya sake zama, sannan ya tafi ya bar takalminsa ɗaya. Washegari Alhaji Ya'u ya aiko cewa Zulkifilu zai tafi fatauci kudu, maganar aure a dakata.

Ni kuwa gari ya zama nawa. Samari na tsayar da babur su gaishe ni, su ɗauki hoto da ni. A wurin mazarƙwaila gardama ta koma sabuwa. Wasu suka ce wannan ce waƙar da ta fi duk abin da Zayyad ya taɓa yi. Wasu suka ce tauraronsa ne ya dushe, ya samu tsoho ya taka ya hau. Liman ya ce asirin da Allah ya rufe ba a buɗe shi da kiɗa. Wata mata ta zo takanas daga Kudan, ta durƙusa gabana, ta ce saboda maganata ta je ta ɗauko ɗanta daga inda aka ɗaure shi. Wani mai shirya wasa a Kaduna ya kira Zayyad, ya ce ya zo da ni kan dandamali.

A cikin gida kuwa kwana uku Musa bai gaishe ni ba. Tunda aka haife shi bai taɓa yin haka ba.

Rana ta huɗu bayan la'asar ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da Zayyad a durƙushe a bakin ƙofa, shi ya kawo kansa ba a kira shi ba. Rumaisa na tsaye daga ciki, ta jingina da bango, fuskarta a kumbure.

"Baba," in ji Musa, bai dube ni ba, "gaskiya ne?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

"Shekarata hamsin da ɗaya. A bakin lasifika zan ji? Yaran da nake koyarwa sun riga ni sanin ubana."

Na kau da kai gefe.

Ya juya ga Zayyad. "Maganar jini ta mutu, tunda ga shi a jikina yake. Ba ni da bakin da zan ƙi ka da ita. Amma kai ka zo neman aure a gida, ka ɗauki asirin gidan ka kai kasuwa."

"Na yi kuskure, Malam. Ya kamata in zo gare ka tukuna."

"Ni ma ba ka gaya min ba," Rumaisa ta ce. "A wurin aiki na ji, mara lafiya na kunnawa a kan gado. Kullum cewa kake ba ka ɓoye min komai. Ina nan ina faɗa da mahaifina saboda kai, kai kana can kana haɗa kiɗa da kakana. Zayyad, ni kake so ko a ce ka dawo?"

"Ke nake so."

"To me ya sa?"

"Na ji tsoron za ki hana. Kuma na san in kin hana zan bari." Ya sunkuyar da kai. "Gaskiyar ke nan."

Musa ya gyara zama.

"Ga sharaɗina, guda ɗaya. Ka sauke waƙar daga duk inda ka sa ta. Ka goge ta asali da ke wurinka, a gabana. Ba za ka yi ta a wasa ba, ba Kaduna ba ko'ina ba. Na san tana wayoyin mutane, wannan ba ni da iko da shi. So nake in ga abin da kai za ka zaɓa."

"Malam, in na sauke ta yanzu, cewa za a yi an saye ni. Waɗanda suka tsaya min za su juya min baya. Wataƙila ba zan sake tashi ba."

"Na sani."

Zayyad ya dubi Rumaisa. Ya zaro waya daga aljihu.

"Na yarda."

"Ni ban yarda ba," na ce.

Duk suka juyo.

"Muryar wa ce a ciki? Tawa ce. Shekara hamsin da bakwai ina alwala a ɓoye kamar ɓarawo. Yau da na fito, mutane na zuwa daga wani gari su durƙusa min, sai a ce a goge ni? Mu tara ne a gindin tsamiyar nan. Takwas ba wanda ya san sun taɓa rayuwa sai a waƙar nan. Ba mai goge ta ina numfashi."

Musa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Shi ke nan. Magana ta ƙare. Kai yaro, tashi ka tafi."

Rumaisa ta tako ta zube a gabana, ta kama ƙafata, daidai wurin.

"Tsoho."

"Kada ki fara."

"Ba zan ce ba ka da gaskiya ba. Da na ji waƙar, bayan fushin, sai da na shiga ɗakin magani na kulle na yi kuka, don ban san ka sha wannan ba. Amma kai ka fita daga naka. Yayanka ya zo da gatari. Ni wa zai zo min? Ba zan auri kowa ba Baba yana fushi, kuma ba zan auri wani ba in ba shi ba. In ka ce a'a, haka zan zauna a gidan nan ina kawo maka koko har ɗayanmu ya mutu."

Hawayenta na sauka a kan tabon, da ɗumi.

Na ga abubuwa a duniya, na faɗa muku. Ban taɓa jin abin da ya yi min nauyi kamar buɗe bakina a wannan lokacin ba.

"A kunna min ita sau ɗaya," na ce. "Daga farko har ƙarshe. Kuma Musa ya zauna ya ji. Na san bai taɓa jin ta duka ba, guduwa ya yi."

Musa ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a jikin ƙyaure. Na zata fita zai yi. Sai ya dawo ya zauna a kan tabarma.

Zayyad ya kunna. Muryata ta cika zauren. Ba wanda ya motsa. Da aka zo wurin Huseina Musa ya sunkuyar da kai. Har kiɗan ya ɗauke bai ɗago kai ba.

"Abin da ta haifa," ya ce a hankali, "namiji ne ko mace?"

"Namiji."

"Ashe ina da wa."

"Kana da shi. Ko suna ba a yi masa ba."

Ya goge fuska da hularsa. Na jira ko zai ce a bar waƙar. Bai ce ba. Ɗana ne, na san taurin kan da ya gada da inda ya gado shi.

"Goge," na ce wa Zayyad.

Ya matso kusa da Musa don ya gani da idonsa. Ya riƙa dannawa yana goge ta, wuri ɗaya, wuri biyu, wuri uku, sannan ta asalin. Ya ajiye wayar a kan tabarma.

Musa ya dubi Zayyad.

"Ka ce wa magabatanka su zo Juma'a ta sama, bayan an sauko masallaci. Wurin Baba za su zo, shi ne waliyyi."

Rumaisa ta kifa kanta a gwiwata, kafaɗunta na girgiza.

Ko minti biyu ba a yi ba wayar ta fara ruri. Kiran ya katse, ya sake shigowa. Zayyad ya leƙa.

"Mutumin Kaduna ne," ya ce.

Ya sa hannu ya kife ta a kan tabarma, ta ci gaba da kuka a ƙarƙashin tafinsa.